Wa zai ɗauke ka hoton aiki: mai fasfo, mai biki, ko ƙwararren situdiyo?

Saƙon yakan zo a ƙurarren lokaci. An sa sunanka cikin masu gabatar da maƙala a wani taro, ko ofishinku zai sabunta shafinsa na intanet, ko wata ƙungiya ta ba ka gurbin horo, sai a ce ka turo hotonka mai kyau kafin jibi. Sai mutum ya duƙufa kan waya yana ta ja, ya wuce hotunan sallah da na suna, daga ƙarshe ya yanko kansa daga hoton wani ɗaurin aure, kafaɗar aboki ta leƙo ta gefe, ga rumfa da kujerun roba a baya. Wannan hoton shi zai shekara uku a shafin LinkedIn, dandalin ma'aikata da masu neman aiki, shi za a buga a ƙasidar taro, shi ne kuma wanda bai taɓa ganinka ba zai fara cin karo da shi. A wani bincike da Janine Willis da Alexander Todorov suka yi a Jami'ar Princeton a 2006, sun gano cewa kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ya ishi mutum ya kalli baƙuwar fuska ya yanke mata hukunci, ko mai amana ce, ko ta san aikinta. Ƙarin lokacin kallo bai cika sauya hukuncin ba, sai dai ya ƙara wa mai kallon tabbaci a kan abin da ya riga ya yanke.

Hoton da nake magana a kai shi ne na fuska zuwa kafaɗa, wanda ake sa wa a shafin aiki. Abin da ake nema gare shi ba shi da yawa, amma samunsa da wuya: ya zama kai ne, a ranar da barci ya ishe ka, ka yi aski, hankalinka a kwance. Wanda ya gan shi ya shaida ka da zarar ka shigo ɗakin taro. Da wannan ma'aunin zan auna hanyoyin da ke gaban mazaunin Kano ko Kaduna ko Sakkwato.

Mai hoton fasfo

Shi ne mafi kusa, mafi araha, kuma kafin ka gama gyara zaman hula ya miƙo maka kati huɗu ko takwas. Kada a raina shi, domin sana'arsa tana da ƙa'idojin da masu manyan kyamarori da yawa ba su sani ba. Bizar Amurka tana son hoto mai inci 2 a tsaye inci 2 a kwance, bayansa fari, wanda bai wuce wata shida da ɗauka ba, kuma tun Nuwamban 2016 ba a karɓar mai tabarau. Ingila da ƙasashen Turai masu bizar Shengen milimita 35 da 45 suke so. Gogaggen mai fasfo ya haddace duk wannan. In takardar hukuma ce a gabanka, wurinsa za ka.

Sai dai abin da ya sa hotonsa ya yi wa jami'in biza daidai shi ne ya sa bai dace da shafin aiki ba. Haske ake watsa maka kai tsaye don kada inuwa ta ɓoye komai, a ce kalli nan, rufe baki, ban da murmushi. Fuska ta fito a shafe, goshi na ƙyalli, ido a zare. Ga kuma al'adar ɗora wa mutum kwat da kwamfuta: ka je da kaftaninka, ka fito sanye da kwat ɗin da ke jikin rabin samarin unguwa, wuya ya yi gabas kafaɗa ta yi yamma. Duk mai tantance takardun neman aiki ya ga wannan kwat ɗin har ya gaji. Araha ba ta ado, kuma a nan ba adon ne ma ya kawo shi kasuwa ba.

Mai hoton biki

Nan yawancinmu muke ƙarewa, don kowa yana da lambar wani mai hoto da ya yi aikin bikin ƙanwarsa. Ba laifi a fara da shi. Kayan aikinsa sau da yawa sun kai na kowa, ga kyamara mai tsada, ga fitilu da lemar haske. Ya saba da masu jin kunyar kyamara, ya saba da aiki cikin hayaniya da ƙarancin wuta, zai kuma iya ɗauko kayansa ya same ka a ofis. Abin da ya fi, ya san kayanmu. Ba sai an gaya masa yadda ake karya hula ba, ko inda ya kamata babbar riga ta zauna a kafaɗa, ko cewa ɗaurin ɗankwali ya fara zamewa. Zai ce, "Yallaɓai, a ɗan turo hular baya kaɗan, tana rufe goshi," tun kafin kai ka lura.

Matsalarsa a hannu take. Wanda ya yi shekaru yana gyara hoton amare, hannunsa ya saba da abin da amarya da ƙawayenta suke biya a yi musu: a goge fuska sumul, a ƙara haske, a sa launi ya ɗau zafi, a ƙanƙance kumatu, ido ya yi fari tas. A ranar kamu wannan shi ne aikin, kuma ya iya. Amma idan ya zauna gaban kwamfuta da hoton malamin jami'a mai shekara hamsin, hannun nan bai san bambanci ba. Sai malam ya fito da fuska kamar ta 'yartsana, ba ramin gashi ko ɗaya, ya yi haske fiye da yadda yake, gemu kamar an zana. Mai hoton a ransa alheri ya yi maka. Shi ya sa in za ka ɗauki mai biki, maganar gyara ita ce ta farko, tun kafin ta kuɗi.

Akwai kuma batun lokaci. Daga Juma'a zuwa Lahadi ba naka ba ne, na amare ne. Watan Disamba, makonnin da ke gaban azumi lokacin da kowa ke gaggawar ɗaura aure, da kuma bayan sallah, hotunan biki ne jibge a kwamfutarsa, iyayen amarya suna ta kira, naka ƙwaya biyu kuwa su ne za su yi ta jiran gobe. Nemi shi tsakanin Litinin da Laraba. Cikin azumi ma yana da sarari sosai tunda bukukuwa sun lafa, sai dai a yi da hantsi, kafin leɓe ya bushe ido ya faɗa.

Baƙar fuska, farar shadda

A nan ake gane mai hoto, ko daga wane rukuni ya fito, don haka zan ɗan daɗe.

Kyamara in an bar ta da kanta tana auna hasken da ke gabanta ne ta nemi ta mayar da shi tsaka-tsaki. Idan farar shadda ta cika rabin hoto, sai ta ɗauka haske ya yi yawa, ta rage. Riga ta fito daidai, fuska ta dushe. Idan aka buɗe don fuska ta fito, rigar ta ƙone fari fat, aikin wuyan da ka biya tela kuɗi mai yawa ya ɓace. Mu kuwa kayan fitarmu kenan, fari ko ruwan madara ko sararin sama, ga shadda mai maiƙo tana mayar da haske. Rago yakan ɗauka yadda ta zo, ya ce zai gyara a kwamfuta. Ya je ya zagaye fuskar ya ɗaga haskenta, sai ta koma launin toka, wuya da kunne suna nan da launinsu na asali. Wanda bai san ka ba zai ɗauka bilicin kake yi. Gwani kuwa tun a wurin ɗauka yake raba gardama: ya matso da babbar fitila mai taushi kusa da fuska, ya karkatar da ita ta yadda ƙirji ba zai sha haske da yawa ba, ya sa farin allo a ƙasa ko a gefe ya cike inuwar da ke ƙarƙashin ido da haɓa, ya saita kyamarar da hannunsa.

Wannan matsala ta girmi masu hotonmu. Tun shekarun 1950 kamfanin Kodak yake raba wa ɗakunan wanke hoto wani kati mai hoton Baturiya, katin Shirley, a daidaita launi da shi, sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fitar da mai ɗauke da mata masu launin fata daban-daban. Binciken Lorna Roth ta Jami'ar Concordia a Kanada ya nuna cewa cikin abubuwan da suka tilasta gyara fim ɗin kyamara don ya riƙa fitar da launuka masu duhu har da koken masu sayar da cakulan da kayan katako, waɗanda hajarsu ba ta fitowa da kyau a talla. Ko a 2021 da Google ya fitar da wayar Pixel 6, ɗaya daga cikin abubuwan da ya tallata shi ne ya gyara kyamarar don ta daina ɓata launin baƙar fata. Ke nan wanda ya koyi hoto ta bin darussan YouTube da aka yi da fararen fata, ya kwafo saitinsu, bai gama koyon aikin da zai yi a nan ba.

To yaya za ka gane kafin ka biya? Gani ya kori ji. Kada ka tsaya kan hotunan da ya zaɓa ya jera a saman shafinsa na Instagram, waɗannan yawanci 'yan kwalisa ne da matasa masu kyan fata, waɗanda ko da waya aka ɗauke su za su fito. Ce masa ya nuna maka hoton mutum mai irin launinka, mai kusan shekarunka, sanye da fararen kaya. Ka buɗe hoton sosai da yatsu. Dubi launin goshi ka gwada da na wuya da kunne, su zama ɗaya. Dubi kumatu, ka ga fata ce ta mutum mai 'yan ramuka. Dubi wuyan riga, ka ga zaren aikin yana nan. Dubi ƙwayar ido, ka ga ɗigon haske a ciki, don idon da ba shi da wannan ɗigon a mace yake fitowa. In mai tabarau ne, ka ga ana ganin idonsa, fitila ba ta kwanta a kan gilashin ba. Wanda ya ci wannan jarrabawa, ko a ƙaramin shago yake, ya fi mai katafaren situdiyo da ya faɗi.

Sai abin da za a goge da wanda za a bari. Ka'idata mai sauƙi ce: abin da zai tafi da kansa cikin mako biyu a goge shi, abin da zai zauna a bar shi. Ƙurjin da ya fito jiya, yankan reza, gumi, zaren da ya maƙale a kafaɗa, duk a share. Amma tsagar gado, bille, tabon sallah a goshi, wushirya, furfura, waɗannan da su aka san ka. Akwai masu gyaran da ke share wa mutum tsagarsa ba tare da sun tambaye shi ba, su ɗauka aibi ne. Faɗa masa tun farko, a sarari: "Malam, kada a taɓa mini launi, kada a goge zanen fuskata."

Ƙwararren situdiyo

Akwai masu hoton da wannan ne abincinsu, fuskokin ma'aikatan banki da lauyoyi da shugabannin kamfanoni. Sun fi yawa a Abuja da Legas, amma ana samunsu jefi-jefi a manyan biranen Arewa. Kuɗinsu ya ninka na mai biki, kuma mutane kan yi mamakin biyan wannan kuɗi a kan hoto biyu ko uku. Ba kyamara kake biya ba, don wataƙila iri ɗaya ce da ta mai bikin. Lokaci kake saya da kuma iya sarrafa mutum.

Kusan kowa yakan sandare a gaban kyamara. Kafaɗa ta ɗage, haɓa ta shige wuya, murmushi ya tsaya a haƙori bai kai ido ba. Mintuna goma na farko yawanci asara ne, gwani ya san haka, shi ya sa ba ya gaggawa. Zai ja ka da hira, ya tambaye ka aikinka, ya sa ka juya jiki kaɗan gefe fuska na kallonsa, ka miƙo goshi gaba ka ɗan sauke haɓa, abin da a jiki za ka ji kamar wauta amma a hoto shi ke fitar da layin muƙamuƙi ya ɓoye tattarar wuya. Zai lura da wane ɓangaren fuskarka ya fi, don ba wanda ɓangarorinsa biyu suke daidai. Da yawansu suna haɗa kyamara da kwamfuta da kebul, kana gani ana ɗauka, ka ce wannan hular ta karkace, a sake nan take maimakon ka gano bayan kwana biyar.

Zai kuma tsaya nesa da kai, wannan ma da dalili. Duk abin da ya fi kusa da kyamara shi ke fin girma, a fuska kuwa hanci ne a gaba. Wani bincike da aka wallafa a mujallar JAMA Facial Plastic Surgery a 2018 ya nuna cewa hoton da aka ɗauka daga tazarar santimita 30 yana ƙara wa hanci faɗin kusan kashi 30 cikin 100, alhali daga mita ɗaya da rabi yana fitowa kusan yadda yake. Shi ya sa masu wannan sana'a suka fi amfani da gilashin kyamara mai milimita 85 zuwa 135, wanda ke ba su damar ja da baya kuma fuska ta cika hoto. In ka ga mai hoto ya matso har kana jin numfashinsa, akwai gyara a aikinsa.

Ƙwararren shi ma yana da nasa aibin. Wani ya saba da masu kwat, in ka shigo da babbar riga da zanna bukar sai ya rasa inda zai yanke hoton, ya datse saman hular ko ya bar riga ta cinye fuska. Wani kuma yana da salon da ya ƙaunata, baya baƙi ƙirin, rabin fuska a inuwa, wanda ya dace da mawaƙi ko ɗan fim amma ba da likitan yara ba. Kuma tsadar kayan ɗaki ba shaida ba ce. Seydou Keïta, wanda ya buɗe wurin hotonsa a Bamako a 1948, yawancin aikinsa da hasken rana ya yi shi a tsakar gida, da zane a rataye a baya, sau da yawa ɗauka ɗaya tak yake yi wa mutum saboda tsadar fim, amma hotunan nan ne aka baje a Grand Palais na birnin Paris a 2016. Abin da yake da shi shi ne sanin yadda zai zaunar da mutum da inda haske zai sauka.

Ga mata

Ke kuma, Hajiya, akwai tambayoyin da suka ƙaru a kanki. Gyaran zama a situdiyo yakan haɗa da taɓa kafaɗa da gyara mayafi. Mai hoton da ya san mutunci da baki yake yi, ko ya nuna a jikinsa, ko ya sa mace ta gyara miki. Yanzu akwai mata masu hoto da dama a manyan garuruwa, in hankalinki ya fi kwanciya da mace nemi mace, don rashin sakewa a fuska yake fitowa. In ba haka ba ki tafi da ƙawa ko ƙanwa. Ba wanda ya isa ya ce sai kin ja hijabi baya, ko a hoton bizar Amurka an yarda da rufe kai don addini muddin fuska ta fito duka.

Situdiyo da yawa suna da mai kwalliya, kuma nan ma hannun biki yakan biyo. Kwalliyar amarya daban, ta aiki daban. Hoda wadda ta yi daidai da launinki don kashe ƙyalli, kwalli, ɗan abin leɓe, ya wadatar. In hodar ta fi fatarki haske, fitilar kyamara za ta tona ta. Ki kuma faɗa wa mai hoton launin mayafinki tun kafin ranar, don baƙin hijabi a kan baƙin labule fuska kaɗai zai bari tana yawo. LinkedIn da WhatsApp da'ira suke yanka hoto, babban gwaggwaro zai rasa kunnuwansa, don haka a bar fili a saman kai da gefe.

Babbar tambayar ita ce inda hoton zai je. Masu hoto da hotunan mutane suke talla, da yawa kuma ba sa tambaya. In ba kya son ki wayi gari ki ga fuskarki a shafinsa ko a allon ƙofar shagonsa, ki faɗa, ki kuma sa ya amsa miki a rubuce.

Waya da manhaja

In aljihu bai ba da dama ba, waya mai kyau a hannun aboki mai haƙuri ta fi hoton fasfo da aka ɗora wa kwat. Sharaɗi, ba kai za ka riƙe ta ba. Ya ja baya kamar mita biyu, ya yi amfani da kyamarar baya, ya jawo ninki biyu ko uku in wayar tana da gilashin yin haka, ya goge gilashin, musamman lokacin hunturu da ƙura ke kwanciya a kan komai. Ka tsaya a baranda ko kusa da taga da safe, haske yana zuwa maka ta gaba ko ɗan gefe, bango mai launi ɗaya a bayanka da ɗan tazara. Ban da rana tsaka, tana sa inuwa a ramin ido. Ban da gindin darbejiya, ganye yana yayyafa wa fuska haske tsilli-tsilli. A kashe duk wani filta.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira kuwa, waɗanda za ka loda musu hotunanka goma ko ashirin su ƙera maka sabo cikin kwat a wani ofis da ba ka taɓa shiga ba, ba na ba kowa shawararsu. Ɗan uwanka suke fitarwa, ba kai ba. Suna ɓata zanen hula, su mayar da kaftani wata riga da ba tela ɗaya da ya taɓa ɗinka ta, kuma suna da halin ja wa mutum launi. A 2023 wata ɗaliba 'yar asalin Asiya a jami'ar MIT ta Amurka ta nemi wata irin manhaja ta mayar da hotonta na aiki, sai ta dawo mata da shi fata ta ƙara fari, idanu shuɗaye, labarin ya bazu a jaridu. Ga shi kuma ka miƙa fuskarka ga kamfanin da ba ka san inda yake ajiye ta ba.

Kafin a ba da kafin alƙalami

Farashi a wannan harka yana da ɗakuna. Wani da zama yake caji, wani da yawan kayan da za ka sauya, wani da kowane hoton da ya gyara. Kuɗin da aka fara faɗa maka na iya zama na ɗauka kaɗai. Tambayi hoto nawa gyararru za ka samu, wa zai zaɓe su, ran yaushe, kuma in gyaran bai yi maka ba sau nawa za a sake kyauta. Nace a kan kai za ka zaɓa. Hoto biyu ko uku nagari sun ishi yawancin mutane, ɗaya da murmushi, ɗaya a natse, wataƙila ɗaya da kayan gida ɗaya da kwat. Wanda ya yi maka alƙawarin hoto talatin gyararru a kuɗi kaɗan, filta ɗaya zai shafa musu duka.

Yadda za a turo hoton ma abin magana ne. WhatsApp yana matse hoto in aka tura shi kai tsaye, a waya ba za ka gane ba sai ranar da aka buga shi a takarda. A turo shi a matsayin fayil, ko ta imel, ko ta Google Drive. LinkedIn ya gamsu da fiksel (ƙananan ɗigogin da ke haɗuwa su zama hoto) 400 a tsaye 400 a kwance, amma cika shafin A4 da bugu mai kyau yana son kusan 2480 da 3508. Karɓi babban ka ajiye, ƙaramin daga jikinsa ake yi. Kuma kada ya manna sunan situdiyonsa a kusurwa, ba allon tallarsa za ka zama ba.

Mutane da yawa suna ɗauka tunda sun biya, hoto nasu ne ɗungurungum. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta fara ba wanda ya ɗauki hoton ne mallaka, sai dai in an yi yarjejeniya akasin haka. Ta ba wanda ya sa aka ɗauke shi don amfanin kansa da gidansa damar amfani da hoton ba don kasuwanci ba, da damar hana a yaɗa shi. Amma hoton da za ka sa a bangon littafi, ko tallar kamfani, ko fosta, ya wuce amfanin gida. Saƙo ɗaya ya isa: ka rubuta masa inda za ka yi amfani da hoton da kuma ko ka yarda ya sa a shafinsa, ya amsa da "na amince", ka adana.

To wa za a ɗauka?

Wanda ya gama bautar ƙasa yana neman aikin farko, ya nemi mai hoton biki da ya ci jarrabawar farar shadda, ranar Talata, ya ja masa kunne kan gyara. In hakan ma ya yi nauyi, baranda da wayar aboki. Wanda fuskarsa ke jawo masa abokan hulɗa, lauya ko likita mai asibitin kansa ko mai ba kamfanoni shawara ko ɗan takara da za a buga hotonsa ya cika allon kan titi, ya daure ya biya ƙwararre, ko da sai ya haɗa da wata tafiyarsa ta Abuja. Hoton zai yi masa shekara uku ko huɗu, in aka raba kuɗin a kan waɗannan shekaru bai kai na ɗinkin sallah ba. Ranar da kamanni suka sauya, gemu ya tsiro ko tabarau ya zo ko jiki ya ƙaru, sai a sake.

Ofis mai ma'aikata ashirin ko talatin kuwa kada ya ce kowa ya kawo nasa, shafin zai fito wani a mota, wani a ɗakin taro, wata da filtar Snapchat. A kira mutum ɗaya ya kafa labule da fitilu a ɗaki ɗaya mai sanyi, a ba kowa kamar minti goma, a sanar da ma'aikata tun mako guda don masu aski da masu guga, a kuma ajiye madubi da tishu a bakin ƙofa saboda gumi. A nan ƙwararre ya fi mai biki nesa, don aikin shi ne hoto na ɗaya da na talatin su fito da haske ɗaya da girman kai ɗaya. A sa a cikin yarjejeniya cewa zai rubuta saitinsa ya ajiye, launin labule da tazarar fitila da gilashin da ya yi amfani da shi, kuma a tsayar da kuɗin da zai karɓa in an kira shi bayan wata shida ya ɗauki sababbin ma'aikata biyu ko uku.